Kan Giyar Motar Babana

Ina cikin saka ribas abin ya tsage a hannuna.

Ƙarar na fara ji kafin zafin. Sai da na ɗaga tafina na ga jini yana gangarowa yana shiga hannun rigata. Kan giyar ya rabe biyu, ɓari ɗaya ya faɗi wajen ƙafata, ɗayan yana maƙale a jikin sandar, 'yar ƙaguwar da ke cikinsa tana leƙo ni da ido ɗaya.

Tsakar rana ce a tashar Caruaru, ranar kasuwar tufafi. A bayana mata goma sha ɗaya, kowace da ƙunshin yadin da ta saro, a bayanmu kuma motoci sun cika mini kunne da hon.

"Nete, mu tafi mana, mun gasu," in ji Dona Quitéria, tsohuwar tela da ba ta taɓa yarda ta zauna ko'ina sai kusa da ni.

Kafin in ba ta amsa Genival ya iso. Ya ɗora gwiwar hannunsa a tagata kamar shi ya sayi motar. Shi ne shugaban direbobin layinmu, kuma a hannun babana ya koyi tuƙi.

"Na sha gaya wa babanki, Seu Anacleto, motar nan ba ta son hannun mace. Sauko in fitar miki da ita."

"Ɗauke hannunka daga ƙofata."

"Jini fa kike yi, 'yar maigidana."

"Ai nawa ne."

Na jawo tsumman goge gilashi na naɗe tafin, na damƙi abin da ya rage, na taka kuloci na danna ribas. Sai da na ji zafin har cikin haƙorana, amma ban bari ya gani a fuskata ba.

Shekara biyu ke nan ina jan doguwar jif ɗin babana tsakanin garinmu Brejo da Caruaru, tun ranar da ya faɗi a tsakar gida ɓarin jikinsa na dama ya daina aiki. Ranar da ya miƙa mini makulli, da bakinsa da ya karkace, abu ɗaya ya ce:

"Komai ya lalace ki canza. Ban da kan giyar."

A Recife ya saye shi tun kafin ya auri Mama. Roba ce mai haske kamar gilashi, da ƙaguwa a daskare a ciki. Shekara talatin da ɗaya tafinsa yana kai.

Tun daga Caruaru nake tunanin yadda zan gaya masa. Duk canjin giya sai tsumman ya ƙara jiƙewa.

Da muka kai Fazenda Nova, Dona Quitéria ta dafa cinyata.

"Tsaya wurin baƙon nan mai feƙe ƙarfe."

"Zan kai gida."

"Ke za ki kai, mu ne ba mu da tabbas. Tsaya."

Rumfa ce ta kwano a bakin titi, da wani inji mai juya ƙarfe da itace. Mutumin ya kashe injin ya fito yana goge hannu. Dogo ne, siriri, da garin katako a girarsa.

Na nuna masa giyar. Ko kallonta bai yi ba.

"Mu ga hannun."

"Motar na kawo maka."

"Motar ba ta zubar da jini. Mu ga hannun."

Ya zaunar da ni a benci, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya zare wani siririn ɓallin roba daga ciki. Bai ce sannu ba, bai kuma ce ai aikin maza ne ba. Sai da ya ɗaure sannan ya shiga motar, ya naɗe ragowar kan da ƙyalle, ya kama da filaya ya murɗa hagu a hankali har ya fito. Ya daɗe yana auna bakin sandar.

"Na kasuwa ba zai hau wannan ba, haƙoranta irin na da ne. Sai dai in yi miki."

"Yaushe?"

"Alhamis."

Ya shiga ciki ya dawo da curin yumɓu, ya ɗora mini a tafin da ya ɗaure.

"Matse. Kamar za ki saka lamba biyu."

Na matse. Ya karɓa yana duba shatin yatsuna.

"Wancan don hannun babban mutum aka yi shi. Kin daɗe kina tuƙi da hannun wani."

Na tambayi sunansa.

"Nivaldo."

Ya ɗaura mini guntun katako na wucin gadi, ya tattara ɓarin biyun a takarda ya miƙo mini da hannu biyu.

Muna hawa titi matan bayan suka fara.

"Ni ma tafina yana ciwo," in ji ɗaya.

"Ni a ƙirji nake jin nawa, ko yana da yumɓun da zai isa?"

Har Brejo suna dariya. Ni ko ina ta gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Baba yana kan kujerarsa a baranda na buɗe takardar a cinyarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannun hagu yana ƙoƙarin haɗa ɓarin biyu, suna zamewa.

"A manne shi."

"Baba, ba zai riƙe ba. Dubi hannuna."

"A manne shi na ce."

"An riga an auna wani."

Ya ɗago ido ya dube ni kamar na ce na sayar da gidan. Ranar bai ci kuskus ɗinsa ba, kofi kawai ya kurɓa. Mama ta bi ni madafi tana magana ƙasa-ƙasa.

"Da kin bari ya kwana biyu kafin ki faɗa masa."

"Da me zan yi tuƙi kwana biyun, Mama?"

Ranar Alhamis na tsaya a rumfar. Nivaldo ya fito da sabon kan giyar daga aljihu. Itacen umburana ne, ja-ja, mai ƙamshi, ya zauna a tafina kamar tare aka haife mu. A ciki ya dasa tagulla mai haƙora, a sama ya zana lambobin giya da wuta.

Ya fara zura noti a sandar, sannan ya murɗa kan har ya sauka. Ya tsaya ya juya shi kaɗan har lamba ɗaya ta dubi inda ya kamata.

"Riƙe nan, kada ya motsa."

Na riƙe. Ya sa sifana ya ɗaure notin daga ƙasa ya matse shi da kan. Kansa yana dab da kafaɗata, ina jin ƙamshin itacen a gashinsa.

"Shi ke nan. Sai da sifana zai kwance."

"In ya kwance fa?"

"Sai ki dawo." Ya ajiye sifanar. "Ko bai kwance ba ma..."

Na dawo. Litinin na ce ina jin wata ƙara a ƙasan kujera. Laraba na ce marfin tanki ba ya rufuwa. Juma'a ban sami abin faɗa ba, na tsaya kawai, na ce ruwa nake so. Ya kawo ruwan da guntun mazarƙwaila.

"Direbata, motar nan fa ta fi kowace mota lafiya a layin nan."

"To in daina tsayawa?"

"In kin daina, ni zan fara fitowa titi ina tare hanya."

Wata uku muna haka. Barcina ya ragu, abinci ba ya shiga, ina wanke mota sau biyu a rana. In na wuce ban gan shi a ƙofar rumfa ba, har Caruaru ina faɗa da fasinja a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga jihar Paraíba ya zo, iyayensa sun rasu, ya yi shekara tara yana aikin ƙarfe a São Paulo sanyi da kaɗaici suka koro shi. Ba ya da yawan magana, amma duk abin da na faɗa sai in tarar ya ajiye shi.

Wata Lahadi ya zo gaida su Baba, da farar riga da kwalin alewar gwaiba. Muna shiga na tarar da Genival zaune a teburinmu yana yagar busasshen nama da rogo. Ba wanda ya gaya mini an gayyace shi.

Nivaldo ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya kalli bango.

"Kai ne mai katakon?"

"Ni ne, Seu Anacleto."

"Wa ya ce ka taɓa mini mota?"

"Baba..."

"Ba da ke nake ba."

Mama ta yi ta tambayarsa, ɗan gidan wa, wa ya san shi a nan, me ya raba shi da garinsu. Yana ba ta amsa a natse. Genival ya goge baki ya ce:

"Mu dai nan kowa an san kakansa. Mutum ya faɗo daga sama da inji, gobe ya naɗe injinsa ya ƙara gaba, wa zai bi shi?"

Bayan tafiyarsu Baba ya kira ni.

"Genival ya yi mini magana. Shi na sani. In kin aure shi motar tana nan a layi, sunana yana nan."

"Motar za a aura ko ni?"

"Kada in sake jin kin tsaya a rumfar nan."

Na ci gaba da tsayawa. Amma yanzu ina tsayawa ina waige-waige, in wani direba ya wuce ya danna hon sai in sunkuyar da kai.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, sati uku bayan nan. Da safe ina tayar da mota na ji kan giyar yana ɗan juyawa a hannuna. Na murɗa shi da hannu, na ce in na kai Fazenda Nova Nivaldo ya duba. Mota cike, diloli har saman rufi.

Babban gangaren yana kafin a kai Fazenda Nova ne ga mai fitowa daga Brejo. Da kaya irin wannan ba a sauka sai a lamba biyu. Na taka kuloci, na fizgo giyar daga uku...

Sai ga kan a hannuna.

Giya ta tsaya a firi, motar ta fara gudu da kanta. Na taka birki, nauyi ya fi ƙarfinsa, ina jin ƙaurinsa. Mata suka fara kiran sunan Allah da na uwar Yesu. Na jefar da katakon na damƙi tsiraran ƙarfen, giya ta ƙi shiga, sai gurnani. Kwana tana tahowa, a dama rami. Na karya sitiyari hagu na goga jikin motar da bangon dutse, muka yi ta gurzawa har ta tsaya.

Ba wanda ya mutu. Amma dila ta faɗo wa Dona Quitéria, hannunta na dama ya karye wuri biyu.

Daga asibiti ban je gida ba. Na hau babur ɗin haya zuwa rumfar, katakon a hannuna. Nivaldo ya taho da gudu.

"Nete, na ji labari, ina ya..."

Na buga masa katakon a kan tebur.

"Ka ce sai da sifana."

"Haka ne."

"To ga shi a hannuna. Mutum goma sha biyu, Nivaldo."

Ya ɗauka ya juya shi, ya leƙa cikin tagullar.

"Haƙoran lafiyarsu lau. Wannan kwance shi aka yi."

"Wa zai kwance? Motar a cikin gidanmu take kwana."

"Ban sani ba. Amma na san abin da na ɗaure."

"Ko yanzu ba za ka ce ka yi kuskure ba?"

"In na yi zan faɗa."

"Baba ya yi gaskiya. Ba mu san ka ba."

Ya ajiye katakon a hankali. Na jira ya yi magana, ya yi faɗa, ya riƙe ni, bai yi ko ɗaya ba. Na juya na tafi.

Bayan kwana biyu Genival ya tara direbobi. Ya ce ya bincika, an tabbatar masa irin wannan aikin ne ya koro Nivaldo daga Paraíba. Daga ranar ba motar layinmu da ta ƙara tsayawa a rumfar. Ni kuma aka cire ni daga layi, wai sai motar ta sami namijin da zai tsaya mata.

Da yamma ya zo gida, ya same ni ina kankare fentin da dutse ya ci.

"Kin ga abin da nake gudu, Nete. Kalma ɗaya za ki faɗa, Litinin kina kan layi."

"Wace kalma?"

"Kin san ta."

Ban amsa ba, ban kuma kore shi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kwanakin nan ban san inda zan sa kaina ba. In zauna in tashi, in shiga motar in fito. Na share tsakar gida har ƙasa ta fara tashi. Sau uku ina ɗaukar waya in ajiye. Baba kuma ya daina fita baranda, ya daina cin abinci, in na shiga ɗakin sai ya rufe ido. Na ɗauka haushina yake ji.

Ranar Asabar Dona Quitéria ta zo, hannu rataye a wuya. Ta zauna kusa da Baba tana ba shi labari da dariyarta.

"Wata biyu ba ni ba keken ɗinki, Anacleto. Amma 'yarka direba ce. Da wani ne da yanzu ana mana addu'ar kwana bakwai."

Baba ya juya fuska bango, kafaɗarsa ta hagu tana rawa.

Da ta tafi na ɗauki rigar sanyinsa zan wanke. Na ji nauyi a aljihu. Na zura hannu.

Sifana. Da kan giyar mai ƙaguwa, an manne shi a karkace, gam ya bushe a jikinsa kamar majina.

Na daɗe tsaye a bakin famfo. Sannan na koma ɗakin na ajiye su a kan gadonsa.

"Baba."

Bai buɗe ido ba.

"Baba, dube ni."

"Ranar Lahadi ne," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Kuna coci ke da uwarki. Na so in mayar da nawa, na kwance notin. Na murɗa katakon ya kusa fita, sai hannun ya mutu mini. Na ji an tashi daga coci. Na ce gobe da sassafe zan gaya miki... Na farka kin tafi."

"Kwana shida, Baba. Kana ji ana zagin bawan Allah."

"Na sani."

"Don me?"

Hawaye ya bi ta gefen bakinsa da ya karkace.

"Kullum ina jin tashin motar daga nan. Ina sanin lokacin da kika saka biyu, ina sanin lokacin da kika saka uku. Ina cewa wata rana zan warke in koma, in tarar da ita yadda na bar ta. Da na ga katakon nan, daidai hannunki... sai na gane ba mai jirana."

Na zauna a ƙasa na kifa kaina a gefen gadon. Ina so in yi masa ihu, ina so in rungume shi. Can wani abu ya faɗo mini.

"Baba, kai da ba ka iya taka matakala. Wa ya hau da kai motar?"

Ya kawar da kai.

"Wa ya ba ka sifana? Namu suna cikin akwati a kulle."

"Genival ya biyo gaishe ni. Na roƙe shi. Ya ɗora ni, ya ce zai je ya dawo ya sauke ni."

"Ya san ba ka gama ba?"

"Shi ya sauke ni. Ya gani."

Litinin da safe Baba ya sa Mama ta aske shi, ta saka masa rigar da yake zuwa coci. Ni da ita muka ɗaga shi muka zaunar a gaba. Na naɗe sandar giyar da tsumma.

A tashar Brejo direbobi suna shan kofi ana lodi. Na tsaya a tsakiyarsu. Genival ya taho yana murmushi.

"Maigida da kansa. An yanke shawara ke nan?"

Baba ya miƙo sifanar ta taga.

"Karɓi kayanka."

Murmushin ya tsaya. Baba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, kalma tana tuntuɓe da kalma, amma ba wanda ya katse shi. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya faɗi wanda ya ɗora shi, ya gani, ya yi shiru, ya bar 'yarsa ta hau gangare da mutum goma sha biyu.

"Ni tsufa da baƙin ciki suka sa ni. Kai fa, Genival? Ni na koya maka riƙe sitiyari."

"Seu Anacleto, ciwon nan ya taɓa maka kai..."

"Sunanka ne a jikin sifanar," in ji wani tsohon direba da ya karɓa yana dubawa. "Da ƙusa ka rubuta."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Daga baya na ji ranar suka sauke shi daga shugabanci. Ni hankalina yana Fazenda Nova.

Na sauka gangaren a lamba biyu tun daga sama, Baba yana riƙe da ƙofa.

Muna isa na ga babbar mota a ƙofar rumfar, an riga an ɗaure injin da igiya a bayanta.

Nivaldo yana naɗe waya. Ya gan mu, ya ci gaba da naɗinsa.

"Ina za ka?"

"Paraíba. Nan ba aiki."

"Baba yana son magana da kai."

Ya je bakin taga ya cire hula. Baba ya gaya masa duka, a karo na biyu a safiya ɗaya, har numfashinsa yana sarƙewa. A ƙarshe ya miƙa hannun hagu.

"Wannan ne ya rage mini. Shi ya yi ɓarnar. In za ka karɓa."

Nivaldo ya kama da hannu biyu.

"Ya wuce, Seu Anacleto. Da ni ne a kujerar nan, ban san abin da zan yi ba."

Ya koma wajen wayarsa. Na bi shi.

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Ka yafe masa, ni ko kallona ba ka yi ba."

"Shi bai san ni ba, Nete. Ke kin san ni." Ya ajiye wayar. "Duk garin nan su ce ni maƙaryaci ne, zan iya ɗauka. Ke kika tsaya a nan kika ce ba ku san ni ba."

"Na tsorata."

"Ni ma na tsorata. Aka ce motarki ta bugi dutse, na yar da aiki na fita titi ba takalmi."

"Na ji kan giyar yana motsi tun da safe," na ce. "Na sani, na ɗauki mutane na tafi. Da ban ɗora maka ba, sai in ɗora wa kaina, kuma ban iya ba. Ka yafe mini, Nivaldo. In za ka tafi ka tafi, amma kada ka tafi da wannan maganar tawa."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Direban babbar motar ya leƙo.

"Maigida, mu tafi ko mu sauke? Ina da wani lodin."



"In na zauna," in ji Nivaldo, "ba zan zauna ana ɓoye ni kamar kayan sata ba."

"Ba mai ɓoye ka."

"Da rana zan zo gidanku, ta ƙofar gaba."

"Ka zo da farar rigar."

Ya sa bayan hannu ya share mini fuska, ya bar mini baƙin mai a kumatu.

"Rabin raina, kin rame."

"Kai ka jawo."

Daga cikin mota Baba ya buga ƙofa.

"In kun gama, akwai mota a nan ba kan giya."

Nivaldo ya ce wa direban ya sauke. Ya ciro katakon daga aljihun wandonsa, ashe bai saka shi cikin kaya ba. Ya shiga ya murɗa shi, ya daidaita lambobin, ya dubi Baba.

"Seu Anacleto, riƙe mini nan, kada ya motsa."

Baba ya ɗora hannun hagu a kai. Ya shafa shi, ya ƙara shafawa.

"Ya yi mini ƙanƙanta."

"Ba naka ba ne, Baba," na ce.

"Na sani. Ɗaure, yaro."

A watan Yuni aka ɗaura mana aure a cocin Brejo, lokacin gasa sabuwar masara. Dona Quitéria ce ta ɗinka rigar, aikinta na farko bayan an kwance mata hannu. Direbobi suka jera motoci ashirin da ɗaya a ƙofar coci, tamu a gaba an yi mata sabon fenti an ɗaura mata furanni.

Muka fito ana watsa mana shinkafa. Baba, da aka riga aka zaunar a kujerar baya kusa da Mama, ya miƙa wa Nivaldo makulli a gaban kowa.

"Ango ke jan amarya. Bismillar motar taka ce yau."

Nivaldo ya karɓa. Ya tsaya yana kallon makullin, gumi yana tsattsafo masa. Ya sunkuyo kunnena.

"Nete... akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."

Na juyo na dube shi.

"Mene ne?"

"Ban iya tuƙi ba."

"Ban gane ba."

"Ko sau ɗaya ban taɓa jan mota ba. Gyaran kayanta kawai na iya."

Dona Quitéria ce ta fara ji, ta faɗa wa ta kusa da ita, kafin ka ce me dariya ta kai mota ta ashirin da ɗaya. Baba ya yi ta dariya har sai da Mama ta bubbuga masa baya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ya faɗi.

Na karɓi makullin. Na cire takalman amarya na miƙa wa mijina, na tattare rigar har gwiwa na hau.

"Zauna nan kusa da ni, ka riƙe furannin."

Baba ya leƙo ta tsakanin kujeru yana share ido, ya dafa kafaɗar Nivaldo.

"Gobe ƙarfe bakwai, filin ƙwallo. Ni zan koya maka. Ita ba ta da haƙuri."